Abin da Ya Rage na Rauda

Duk wanda ya ji sunan Ɗangiwa kafin ya gan shi, ƙato yake sa ran gani. In ya isa shagon, can bayan tashar Tambuwal, sai ya tarar da wani ɗan tsamurmurin mutum tsugune gaban tsohuwar firji, da sukudireba a baki. Sunansa na yanka Mansur, amma ban da takardun makaranta da na asibiti babu mai kiransa haka. Kakarsa ce ta laƙaba masa Ɗangiwa tun yana jariri a Fakku, wai ko ya ji kunyar sunan ya yi jiki. Bai ji ba, har yau da ya ba arba'in baya.

Sana'arsa ita ce tayar da matattun firji. Sai ya farke cikinsu, ya sa musu ƙwan lantarki da 'yar fanka da ma'aunin zafi, ya ajiye tiren ruwa a ƙasa, ya haɗa da batir da faifan sola, firjin da aka yi don sanyaya ruwa ta koma injin ƙyanƙyasar ƙwai. Ita zabuwa kowa ya san halinta, uwar banza ce: ta zuba ƙwai a gindin sabara ta kama gabanta. Da can kaza ake ɗora wa wahalar, ta kwanta kwana ashirin da takwas a kan 'ya'yan wata. Ɗangiwa ya hutar da kajin ƙasar nan daga wannan bauta. Da damina ta faɗi za ka ga mata daga Sanyinna da rugagen Fulani suna sauke ƙorai cike da ƙwai, an shimfiɗa musu ƙaiƙayi don kada su fashe a hanya.

A cikin masu kawo ƙwan ya samu Rauda. Daga Kebbe ta zo da ƙwan zabin mahaifiyarta, ta dube shi sama da ƙasa, ta tambaya ko giwar ta fita ne ta bar ɗan akuya jiran shago. Ɗangiwa ba mai magana ba ne, bai samu amsa ba sai bayan wata shida, kuma amsar ita ce goron da ya aika da shi Kebbe. Shekara goma sha uku suka yi da aure. Ita ce bakin gidan, shi kuma hannun. Ita ke rubuta sunan mai ƙwai da ranar sawa a bayan kowane ƙwai da fensir, don ta yi sakandare, rubutunta kuma a tsaye yake kamar na malamar makaranta. Nata na kanta kuwa sai ta sa musu harafin farkon sunanta, ta ja masa wata doguwar jela har ta kusa zagaye ƙwan.

Ciwon Rauda ya fara da ciwon kai irin wanda ake shan ƙwaya biyu a manta. Daga nan wata safiya tire ya suɓuce mata, ƙwai sittin suka tarwatse a ƙasa, ta tsaya tana kallon hannunta kamar na aro. Aka yi rubutu, aka yi tofi, aka je kemis. Da ta fara faɗuwa tana sanƙarewa sai aka ɗauke ta zuwa wani babban asibiti a birni, aka yi hoton kai, aka ce ciwon daji ne a ƙwaƙwalwa. Aka yi mata aiki, aka gasa wurin da na'ura, ta dawo gida da kai a aske tana tsokanar kanta da kanta. Wata bakwai ta samu. Bayan nan abin ya dawo, ya fara kwashe mata kalmomi ɗaya bayan ɗaya, har mai bakin nan ta koma sai ido. Ta cika a ɗakin mahaifiyarta a Kebbe, ana tsakiyar noman farko, a can kuma aka rufe ta.

Mutane sun yaba wa Ɗangiwa ƙwarai. Aka ce ba a taɓa ganin mai tawakkali irinsa ba, ko ɗigon hawaye. Ni dai da na san shi, na san ba haƙuri ba ne. Babu komai ne a ciki. In an ce masa ya haƙuri, ya ce da godiya. In an ajiye tuwo ya ci, in an manta da shi bai tambaya ba. Ranar da aka share makoki ya koma shago, ya juya ƙwai safe da yamma kamar kullum, 'yan zabi suka ci gaba da fasa ɓawo suna tsuwa, yana kwashe su yana miƙa wa masu su. Har tsoron kansa ya riƙa ji, yana tambayar zuciyarsa wane irin miji ne shi, ita ma ba ta ce masa komai ba.

Bayan arba'in mata suka zauna raba kayanta. A cikin jakar asibiti, tsakanin katin magani da hotunan kai, aka ga wata takarda mai shafi biyu, gefe Turanci gefe Hausa, babu sa hannun kowa a kanta. Aka kai wa yayanta Abdulganiyyu, wanda yake hedimasta a wata firamare, mutum ne da ko gaisuwa yake yi sai ka ji kamar yana kiran rajista. Ya karanta sau biyu, ya aika a kira Ɗangiwa.

A ƙofar ɗakin Inno, mahaifiyar Rauda, aka yi zaman. Tsohuwar tana ciki bayan asabari, don tun da aka ɗaura auren ba ta taɓa yarda sun haɗa ido da surukinta ba. Ɗangiwa ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe da asabarin.

Abdulganiyyu ya ɗaga takardar. "Kai kas sa hannu ga wagga magana?"

"Na sa hannu ga takardu da yawa, Yaya."

"Sun ce abin da sunka ciro ga kanta ba su yada shi ba. Sun aje shi ɗakin bincike, suna ba shi abinci, shina girma. Ga shi nan rubuce da Hausa, balle ka ce Turanci yac cuce ka. Mun rufe ta, ashe da saura can cikin kwalba."

Ɗangiwa ya yi ƙoƙarin tunawa. Abin da ya gani kawai shi ne dogon benci, da biro ɗaure da zare, da yatsan wata nas yana nuna masa nan, da nan, da nan. Ko takardar sayar da kansa aka miƙo masa a kwanakin nan, da ya sa hannu. Sai ya ce, "To, ni na."

Can muryar Inno ta fito, ba ta ɗaga ta ba.

"Ni ban san boko ba. Amma cibiyar yarinyar ga, ni na rufe ta da hannuna bayan ɗakin ga. Ko gashin kitso ba mu bari iska shi ɗauka, sai mun tona mun turbuɗe. Abin da yaf fito jikin ɗan Adam, ƙasa ka karɓa tai. Tun da niji maganar ga ban runtsa ba. A kawo min sauran ɗiyata a sa shi inda take."

Hannunta ya turo wani abu ta ƙarƙashin asabarin. Ragowar likkafanin ne, bai fi kamu ɗaya ba, an ninke shi huɗu, yana ƙamshin turaren da aka fesa wa gawar.

"In Allah ya so, Inna, ba ni dawowa sai da shi," in ji Ɗangiwa.

Washegari ya shiga motar farko. A ransa ya riga ya tsara yadda abin zai kasance: za a ɗauko masa wata 'yar tsoka kamar ƙwallon goriba daga cikin kwalba, ya naɗe, ya yi godiya, ya juyo. Har leda ya saya don kada ruwan ya ɓata ƙyallen.

Ɗakin binciken yana can ƙarshen asibitin, bayan inda ake shanya zannuwan gado. Wadda ke kula da shi wata mace ce mai gilashi, Dakta Saudat, ba likitar duba marasa lafiya ba ce, ta nazarin ƙwayoyin halitta ce. Da ya faɗi sunan matarsa sai ta ajiye abin da ke hannunta. Ta yi masa ta'aziyya, ta ce labarin rasuwar ya iso musu. Shi kuma ya zaro farin ƙyallen daga aljihu ya shimfiɗa a kan teburinta, ya gyara gefunansa, ya ce ya zo karɓa ne.

Ta daɗe tana kallon ƙyallen. 'Yar Musulmi ce, ta san ko mene ne.

"Malam Mansur," ta ce, "zo in nuna maka. Gani ya kori ji."

Aka sa shi ya wanke hannu har gwiwa, aka ba shi riga da hula da takunkumi. Ɗakin ciki ba taga, sai ƙugin injuna. Ta buɗe wani farin akwati mai tsayin ƙirji, ta zaro wata 'yar kwalba shafaffiya, kwance, da ruwa ja-ja a ciki kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Ya duba, ya sake dubawa. Bai ga komai ba.

"Ina naman?"

Ta ɗora kwalbar a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ta ce ya sa ido. Da farko haske kawai ya gani da gashin idonsa. Sannan suka bayyana: 'yan dunƙule-dunƙule masu sheƙi, kamar ƙwan kifi, wasu manya wasu ƙanana, suna shawagi a hankali abinsu.

Ta yi masa bayani da Hausar da zai gane. Ta ce a cikin ƙari irin na matarsa akwai wasu 'yan ƙwayoyi kaɗan da su ne irin. Wuƙa ta yanke, na'ura ta gasa, magani ya kashe sauran, su kuwa sai su laɓe, in an kwana biyu su sake tofo da ciwon, kamar kiri-kiri da aka nome aka bar saiwar. Su ake so a kama a yi nazari, amma ba sa son zama a wajen jiki. Na mutane da yawa an gwada, mako biyu sun mutu. Na Rauda suka kama. Ta nuna masa wani ɗan faranti da bai fi tafin hannu ba, wanda ita da abokan aikinta suka ƙera: an yi masa 'yan ramuka fiye da ɗari, kowane dunƙule da raminsa, da wasu hanyoyi sirara kamar gashi da ke kai wa kowanne abinci da nasa kalar maganin, a ga wanda zai kashe shi.

Ɗangiwa ya saurara kamar yadda yake sauraren labarai a rediyo, abin yana wucewa ta gefensa. Tambaya ɗaya ce a bakinsa.

"Wanda anka ciro ɗin fa? Na farin?"

"Tun ranar aka narkar da shi aka tace. Waɗannan jikokin jikokinsa ne. Kwalba goma sha huɗu ne yanzu, ban da waɗanda muka daskarar a cikin tanki."

"Ita ta? Rauda ta?"

"Daga jikinta suka fito. Amma ciwon ne, Malam. Shi ne abin da ya kashe ta."

Ya sake sa ido a madubin. Ga su nan ɓul-ɓul, sun ƙoshi. Rauda ta rame har sai da zobenta ya riƙa zamewa, abin da ya cinye ta kuwa ga shi ana yi masa hidima safe da yamma. Ya jira ya ji haushi, haushin bai zo ba.

"Ni nis sa hannu," ya ce. "Ina son in cire."

Dakta Saudat ta ce in dangi suka dage, za a kai maganar gaban kwamiti, kuma ba za a ƙi saurarensu ba. Sai dai ta gaya masa gaskiya tun yanzu: ko an yarda a daina, ba za a ba shi ya fita da su ba, doka ta hana. Za a zuba musu maganin da zai kashe su, a dafa kwalaben, sannan a kai injin ƙona shara.

"Ƙonawa?"

"Ƙonawa."

Wannan kalmar ce ta farko da ta taɓa shi tun safe. Ya tuna Inno a bayan asabari. Yaya za a yi ya je ya ce mata ya sa an ƙone?

"Kuma akwai wani abu," in ji Dakta. Ta fita, ta dawo da fayil, ta buɗe shafin ƙarshe ta juya masa. A kan layin sa hannu babu sunansa. Harafi ɗaya ne, da doguwar jela da ta zarce layin ta kusa fita daga takardar.

"Ana gobe aikin ne, ka tafi sallar azahar. Da hankalinta sarai, sai da ta sa na karanta mata sau biyu. Ta tambaye ni ko abin zai rayu in an fitar da shi, na ce wataƙila. Sai ta yi dariya ta ce, 'To ku kulle shi ɗaki kamar yadda yak kulle ni, har ku gano mi ka kashe shi.' Na ce a jira ka dawo. Ta ce a'a, kai tausayi gare ka, ko ƙwan da ya lalace sai ka yi kwana biyu kana juya shi kafin ka yar. Ta ce ita za ta gaya maka da kanta in kun koma gida."

Ba ta gaya masa ba. Ko ta yi ta ɗagawa ne har kalmomin suka gudu, ko kuwa tana cikin abin da take son faɗa a kwanakin nan da take kama hannunsa bakinta yana motsi, Allah kaɗai ya sani. Ɗangiwa ya sa yatsa ya bi jelar harafin daga farko har ƙarshe.

Da Dakta ta buɗe akwatin za ta mayar da kwalbar, sai idonsa ya faɗa ciki, ido irin na mai sana'a da ba ya neman izini. Ga 'yar fanka a sama. Ga tiren ruwa a ƙasa. Ga lamba tana ci a goshin akwatin, talatin da bakwai, rabin digiri kawai tsakaninta da ta ƙwan zabi. Ya tambaya in an ɗauke wuta fa, ta nuna masa jerin batura a jikin bango. Ya nemi izini ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙofar gilashin da ke ciki. Ya bar shi a wurin fiye da yadda ya kamata, ita kuma ba ta ce masa ya cire ba.

Sannan ya bi robar bakin ƙofar da babban yatsa, ya tsaya a kusurwar ƙasa.

"Robar ga ta fara saki nan. Ku canza ta tun ba ta buɗe ba, in iska ya samu hanya zafin ba shi tsayawa."

Ta duba, ta ce za a canza. Ya ninke ƙyallensa huɗu ya mayar aljihu. Ba wanda ya sake tayar da maganar kwamiti.

A hanyar dawowa motar ta tsaya a Dogon Daji sauke kaya. Ɗangiwa ya sauka, ƙafarsa ta kai shi gaban teburin wani mahauci. Shaiɗan ba ya rasa shawara: 'yar tsoka ɗaya, a naɗe, a ɗaure, wa zai kwance likkafani ya duba? Tsohuwa ta samu barci, Abdulganiyyu ya sauke murya, kowa ya huta. Mahaucin ya ɗaga wuƙa yana tambayar na nawa. Ɗangiwa ya tsaya yana kallon ƙudaje har direba ya yi ham, sannan ya juya ya koma mota hannu wofi.

Bai tsaya a Tambuwal ba, ya zarce Kebbe, ya isa ana fitowa sallar la'asar. Abdulganiyyu yana zaure, ya riga ya jingina fartanya da shebur a bango, ya kuma gaya wa liman ya zauna kusa. Suka shiga tare. Ɗangiwa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya tura ƙyallen ta ƙarƙashin asabari har rabi.

Yatsun tsohuwar suka fito suka dafa shi. Suka latsa tsakiya, suka latsa gefe. Suka tsaya.

"Ban kawo ba, Inna."

Ya faɗi abin da ya gani, a gajarce, don bai iya doguwar magana ba. Ya ce babu tsokar da za a naɗe. Ya ce in an matsa sai dai a ƙone. Ya ce ba shi ya sa hannu ba, ita ce da kanta, ya ga rubutunta da idonsa. Ya so ya ƙara da cewa abin da ke can ciwon ne ba ita ba, amma ya rasa ta inda zai kama maganar, don shi kansa bai gama yarda ba.

Abdulganiyyu ya fara, "Wagga magana ba ta yiwuwa, gobe ni da kaina ni ka zuwa in..."

"Abdu," in ji Inno. Hedimastan ya haɗiye sauran maganar kamar ɗan aji ɗaya.

Da ta sake magana, muryar ta matso dab da asabarin, kusa da yadda ba ta taɓa matsowa ba a shekara goma sha uku.

"Kwana fuɗun ta na ƙarshe, sanyi taka ji. Bargo biyu nika lulluɓa mata, tana rawar ɗari." Ta numfasa. "Can inda sunka aje ta, da sanyi?"

Ɗangiwa ya buɗe baki, sai ya ji idonsa ya cika da abin da ya yi wata biyu yana nema bai samu ba.

"Babu sanyi, Inna," ya ce da ƙyar. "Na taɓa da hannuna. Da ɗumi, kamar jikin mutum."

Hannun tsohuwar ya ja ƙyallen ciki a hankali. Ɗangiwa ya yunƙura zai tashi ya ba su wuri, sai ya fasa, ya zauna nan a ƙasa ya kifa fuskarsa cikin hularsa.